Motar da Ba Ta da Kujerar Baya

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Badagishiri ya san abin da ke cikin wannan. Innata ba ta taɓa kiran sunana ba. Wannan ma da sauƙi. Tun da na yi wayo har furfura ta fara leƙowa a gemuna, ba ta taɓa duban idona ta yi mini magana ba. Kakata ce ta yaye ni ta riƙe ni, gida ɗaya muke da Inna amma danga ta raba mu. In na shiga gaishe ta, ga ni tsugune a gabanta, sai ta juya wajen autarmu ta ce, "Ki tambaye shi ya ya baro mutanen gida." Da na samu aikin koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Birnin Ƙwanni sai sunana ya koma mutumin Ƙwanni. A kai wa mutumin Ƙwanni ruwa. A ce wa mutumin Ƙwanni rana ta yi, ya kama hanya.

Kunyar ɗan fari ce, kuma yaba mata ake yi, ana cewa ta riƙe halin mutanen da. Ni kuwa abin yana cina a rai. Ni mutum ne mai saurin fushi, ƴan ajina sun sani, matata ta fi su sani, amma wa zan yi wa fushin wannan? Ina gani tana hira da ƙannena, tana zaginsu, tana dariya da su har da tafawa, ina sallama sai ta ja mayafi. Wallahi har kishin zagin nake yi. Ba wani abu nake nema a wurinta ba illa kafin ƙasa ta rufe idon ɗayanmu ta juyo ta ce mini "kai".

Ana nan ciwon suga ya kama ta. Ƙaya ta soke ta a gona, ƙafar ta ƙi warkewa, ta fara wari. Lokotoro mai duba ta a wata likita, wato asibiti, da ke gaba da Malbaza ya ce sai a riƙa kawo ta duk mako ana wanke gyambon ana ɗaurewa, in ba haka ba sai an yanke. Mun gwada motar haya, aka matse ta tsakanin buhunan albasa da awaki, ta isa a galabaice. Sai na ce to, zan tattara abin da nake da shi in sayi mota.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, aikinsa tuƙo motocin hannu daga Kwatano. Na ce masa ina son ƙarama, ta Jafan, mai araha, wadda ba ta shan mai. Bayan ƴan makonni ya turo mini hoto ta waya. Ja ce, tana sheƙi, amma daga gaba kawai ya ɗauka, ni kuma ban yi tunanin in ce ya zagaya ba. Na ce ya kawo.

Ranar da ta iso ina tsaye a ƙofar gida da yarana. Ya zo ya tsaya a gabana da wani abu da ko ƙuguna bai kai ba. Ƙofa biyu, kujera biyu, rufin tamfol. Na zagaya ta, na sake zagayawa.

"Ina sauran motar?" na ce.

"Ita ke nan, Mushe," in ji shi, yadda ake kiran malaman lakwal.

"Kai, kar ka raina mini hankali! Ina kujerar baya?"

"Ka ce ƙarama, ga ƙarama. Ka ce mai araha, wallahi a duk filin motocin Kwatano babu wanda ya ko taya ta. Ka ce ta Jafan, buɗe hancinta ka gani. Yaushe ka yi mini maganar kujera?"

Don ya ƙara ƙular da ni sai ya murɗa wani abu, fitilu biyu suka ɗago daga cikin hancin motar kamar idon kwaɗo. Yara suka kwashe da ihu. Na duƙa zan ɗauki takalmi, ya ruga bayan matata yana dariya, yana cewa ai mota ta yi kama da mai ita, gajeriya mai tsiwa. Da ba taubashi ba ne da ranar sai an raba mu.

A garinmu mota ba ta mutum ɗaya ba ce. In kana da ita, duk wanda ka sani a hanya sai ka tsaya masa, mai zuwa kasuwa, mai zuwa ta'aziyya, mai ɗauke da buhu. Ni kuwa da mutum ɗaya ya shiga, shi ke nan ta cika. Kafin mako ya zagayo an raɗa mata suna motar rowa. Wani dattijo da muke salla tare ya daina amsa gaisuwata don na wuce shi a rana, alhali matata ce zaune a kujerar. In ajiye ta a titi in ɗauke shi ke nan?

Ranar tafiya ta fari na yi sammako daga Ƙwanni. Motar ba ta iya shiga hanyar ƙauyenmu, cikinta na jan ƙasa, don haka a amalanken jaki aka kawo Inna bakin kwalta. A wurinmu mara lafiya ba ya zuwa likita shi kaɗai. Ga auta, ga goggo, ga kawu, ga tabarmi da buta da kwanon fura da ƙullin kaya. Suka tsaya suna kallon motar. Can kawu ya ce, "To, mu ina za mu shiga?"

Na yi bayani ina haɗa gumi. Inna ta juya wajen auta.

"Mi? Ni da shi, mu kaɗai? Ku maida ni gida. Gara ƙahwar ta ruɓe."

A gabana ta faɗi haka. Maganar ta soke ni, na juya baya ina ta goge gilashin da babu komai a kansa. Kawu ne, yayanta, ya yi mata tsawa, ya ce kunya ba ta kai a yanke wa mutum ƙafa ba. Aka yi ta lallashi, aka ce auta za ta biyo mu a motar haya ta same mu can. Da ƙyar aka kama ta aka zaunar. Da ta ji ta yi ƙasa kamar a tabarma sai ta yi salati. Amma ƙafar ta samu wurin miƙewa sosai, abin da ba ta taɓa samu a motar haya ba.

Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta na wajena, ta manne da ƙofa. Motar kuwa ba ta da faɗi. Duk lokacin da na sa hannu zan canja giya sai gwiwar hannuna ta taɓa mayafinta, sai ta ƙara takurewa. Muka yi ta tafiya, ba ka jin komai sai ƙugin inji. Na yi mata sannu, shiru. Na ce ko in tsaya ta sha ruwa, shiru. Ba don ba ta ji ba, babu wanda za ta aika ne.

Bayan mun karya kwana a Tsarnawa muka tarar da jerin manyan motocin siminti suna jan ciki. Haushi na cina, na taka mai. Ashe ƴar banzar motar nan abin da take jira ke nan. Ta zabura, kafin in ankara mun bar su a baya. Sai na ji an buga allon gaban motar da tafin hannu.

"Ke mota," in ji Inna, "ki ce mai shi rage gudu. Ba gobara za mu kashewa ba."

Tabɗi! Na ce a raina, yau har ƙarfe ya samu "ke", ni da aka haifa ina nan ina jira. Na sassauta ƙafa, na dubi sitiyari na ce, "Mota, ki ce wa Inna na ji, na rage."

Wani ɗan sauti ya fito daga ƙarƙashin mayafin. Ko tari ne ko dariya, ban sani ba, ban kuma juya ba.

Daga ranar mota ta zama ƴar aike. Auta ta biyo mu ƴan lokuta, da damina ta kankama aikin gona ya riƙe ta, tun da masu wanke ƙafar mata ne sai aka bar mu mu biyu. Da farko saƙonnin gajeru ne. Mota, ki ce mai rami na gaba. Mota, ki ce mai shi saya muna goro. Sannu a hankali suka fara tsawo. Mota ta ji inda kakana na wajen uwa yake noman albasa a fadama, da yadda Inna tana yarinya take ɗauko fura a ka har kasuwar Badagishiri, da wata shekarar yunwa da suka ci abin da ko awaki sai da yunwa suke ci. Mota ta ji wanda ya kyauta mata a dangi da wanda ya ci zarafinta ta yi shiru. Ni direba ne kawai, ina sauraro. In ina da tambaya sai in ba mota.

Wata safiya an kwana ana ruwa, gari ya yi luf, gero ya yi kai dama da hagu. Ta ce, "Mota, an ce kanki na buɗewa. Ƙarya ce ko gaskiya?" Na tsaya, na ɓalle maƙalan, na tura tamfol baya da hannu ɗaya. Ta ɗaga kai ta ga sama, ta ce, "Ikon Allah!" Muka tafi a haka, iska na kaɗa mayafinta, tana riƙe da shi da hannu biyu tana faɗa da shi. A shingen jandarma wani ya leƙo ya ce, "Kai, yau tsohuwa ta fi mu shanawa." Ta rufe baki tana dariya har kafaɗunta na rawa. Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye ba. Amma da na sauke ta na kama hanyar gida sai daɗin ya gauraye da baƙin ciki, don har yanzu ba da ni take ba.

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa daga Sakkwato ya ga motar a ƙofar lakwal, ya jira har aka tashi. Bai ce motar rowa ba. Shafa ta ya riƙa yi, yana neman in kunna masa fitilun. Shi ya fara ba ni tarihinta, yana nuna mini hotuna a wayarsa. Ya ce da can Turawan Ingila ne ke ƙera irin waɗannan ƙananan motoci marasa rufi, masu daɗin tuƙi, amma kullum suna gareji. Sai mutanen Jafan suka ɗauki fasalin, suka ƙera wadda za ta tashi kowace safiya, suka kuma sa mata kuɗin da ma'aikaci zai iya kaiwa. Tawa, in ji shi, ita ce ta farin, ita kaɗai ke da fitilu masu buɗe ido. A ta biyu aka daina su, aka manne fitilun a jiki. Ta uku ta yi ƙiba, har wasu aka yi musu rufin ƙarfe mai naɗe kansa. A ta huɗu suka ga sun yi nisa, suka sake rage mata jiki.

"To duk wannan canje-canjen," na ce, "ba wanda ya yi hankalin ƙara kujera?"

"Ai ranar da aka ƙara kujera ta tashi daga ita," in ji shi.

Ya ce yana da babbar mota mai layi uku, lafiyayya, mu yi musaya. Da na kai maganar gida kowa ya ce Allah ne ya kawo shi. Matata ta ce yara za su huta da tafiyar ƙasa. Kawu ya ce a karɓa tun bai sake shawara ba, auta ta riƙa raka uwarta yadda ya kamata. Taubashina har cewa ya yi in ba shi la'ada, tun da shi ya jawo mini arziƙin. Gaskiya ce suke faɗa, ban ga ta inda zan musa ba. Na ce wa mutumin ya bari in kai Inna wankin ƙafa na wannan makon, in na dawo sai mu ƙulla.

A hanya, bayan mun bar Badagishiri, na ce, "Mota, ki ce wa Inna yau ce tafiyarki ta ƙarshe. An samu babba. Daga mako mai zuwa auta za ta riƙa zama kusa da ita, har goggo in tana so."

Ta kau da kai wajen taga. Ranar mota ba ta samu saƙo ko ɗaya ba. Muka wuce Malbaza, aka wanke ƙafa, aka ɗaure, muka juyo, duk shiru. Na ɗauka jikin ne ya motsa. Mun kusa Tsarnawa sai na ji an ce, "Kai."

Na taka birki, na zaci akuya ce ta shigo titi. Babu komai a gabana.

"Da kai nika," in ji ta. "Kada ka saida ta."

Na gangara gefen hanya na kashe inji. Na juya. Ta janye mayafin, tana kallona ido cikin ido. Sai ranar na lura ashe irin idonta gare ni.

"In anka sa mutum bisa kujerar baya, bakina ya ruhe ke nan," ta ce. "Ba ni iyawa gaban mutane. Haka anka tashe mu, kuma na tsuhwa da sakewa. Kana ganin ban san kana jin zahi ba? Na sani. Ran da kakarka ta ɗauke ka, ina jin kukanka ta bayan danga, na cusa zane ga baki don kada a ji nawa. Hurar da kakarka ka ba ka in ka taso lakwal, ni ka dama ta. Kullum. Ba ƙi ba ne, ka ji? Ban taɓa ƙin ka ba."

Ni da nake daka wa aji guda tsawa su yi tsit, sai ga ni na kifa kai a sitiyari ina kuka kamar yaron goye. Duk maganganun da na shekara ina tanadi, na ƙorafi da na tambaya, babu wadda ta fito. Abin da na iya cewa kawai, "Na ji, Inna." Wata motar siminti ta wuce ta watsa mana hon. Inna ta ɗan taɓa hannun rigata, ta janye da sauri.

"To ya isa hakanan, mutane na kallo. Tada mota. Kuma ka rage wanga hushi naka, matarka na haƙuri da kai."

Faɗan farko ke nan da uwata ta yi mini, kuma ban taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba.

Na kira mutumin Sakkwato na ba shi haƙuri. Kawu ya ce boko ya taɓa mini kai. Matata ta yi kwanaki tana sha mini ƙamshi, sai da na zaunar da ita na gaya mata abin da ya faru, ta share ido da bakin zane ta ce yara ai ƙafarsu lafiya lau. Sauran mutane ban yi musu bayani ba, maganar ba tasu ba ce. Har yau motar rowa suke ce mata.

Daga nan muka sallami ƴar aike. Da an rufe ƙofa amalanke ya juya, sai hira, ni da ita. Ta tambaye ni abubuwan da uwa ke tambayar ɗanta yana ƙarami, wai da gaske ne na taɓa faɗowa daga bishiyar kanya, wai mene ne nake koya wa yara duk yini. Da mun dawo bakin kwalta ta hango auta, sai ta ja mayafi, in koma mutumin Ƙwanni. Abin bai ƙara damuna ba.

Nakan yi tunanin mutanen nan na Jafan da ban san su ba, ba su kuma san akwai wani gari Badagishiri ba. Don masu yawon shan iska suka ƙera motarsu, na sani. Sun canja fitila, sun canja rufi, sun ƙara jiki sun rage, amma suka kafe a kan kujera biyu. Ina gode musu da wannan taurin kai. Ina gode wa taubashina ma da bai zagaya ya ɗauki hoton baya ba, ko da yake ban gaya masa ba, don kansa zai kumbura.

Wajen kaka, an fara yankan gero, lokotoro ya kwance ƙafar ya duba, ya danna nan ya danna can. Ya ce alhamdu lillahi, gyambo ya rufe, ta ci gaba da shan magani, ta daina yawo ba takalmi, ba sai mun ƙara dawowa ba. Na yi masa godiya, da gaske kuma nake, ƙafar uwata ta tsira. Amma da muka shiga mota sai jikina ya yi sanyi. Ba ni da sauran dalilin da zan ɗauke ta mu biyu, a ƙauye kuwa ɗaki ba ya rabuwa da mutane. Ita ma ba ta yi hira sosai ba ranar, ta ce dai in tafi a hankali. Na tafi a hankali har masu babur suna wuce mu.

Mun tarar auta na jira da amalanke. Ta taho da sauri ta buɗe ƙofa, ta kama hannun Inna, ta dube ni.

"Yaya, mi lokotoro ya ce?"

Na buɗe baki ke nan, Inna ta riga ni. Matar da ban taɓa jin ta yi ƙarya ba ko da wasa. Ta ja mayafi, ta dafa kafaɗar auta, har da ɗan ɗingishi.

"Ya ce da saura. Ki ce ma mutumin Ƙwanni shi zo da wuri mako mai zuwa."